Rozmari a Ƙetaren Gada: Sanin Lokacin Ajiye Buta

Wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi Barnawa, ko ya miƙe hanyar Kachia zuwa Sabon Tasha, ba zai rasa ganin masu sayar da fulawa a bakin titi ba, sun jera shuke-shuke cikin baƙaƙen ledoji da tukwanen siminti. A 'yan shekarun nan, tsakanin furanni masu ɗaukar ido da dashen mangwaro da gwaba, akan samu wani ɗan tsiro maras kwalliya, mai siraran ganye, wanda ba ya jan hankalin kowa sai an goga shi da hannu. Da zarar an taɓa shi, wani ƙamshi mai sanyi da ke ɗan ɗiban kafur zai bi yatsu, ya daɗe bai tafi ba. Shi ne rozmari. Masu kantin magungunan Musulunci sun fi saninsa da iklilul jabal.

Mai saye yakan ji an ce tsiron yana jure fari, sai ya ɗauka ya samu shukar da ba ruwanta da wahala. Ya kai gida, ya ajiye a lungu, kullum safiya a kwara masa ruwa tare da sauran furanni. Kafin Agusta ya fita ganyen ƙasa ya yi baƙi, reshe ya bi reshe, shuka ta mutu a tsaye. A Kaduna, ruwa ne ke kashe yawancin rozmarin da ke mutuwa. Shi ya sa duk wanda na ga ya raya shi ya ƙetare damina biyu ko uku, nakan tsaya in kalli yadda yake aikinsa.

Asalin rozmari gaɓar Bahar Rum ce: tuddan Sifen da kudancin Faransa da Italiya da Girka, da kuma Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Can ruwan sama a lokacin sanyi yake zuwa, in zafi ya shigo kuwa sai a yi wata uku ba a ga ɗigon kirki ba. Birnin Atina na samun kimanin milimita 400 a shekara. Kaduna na samun fiye da milimita 1,000, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, kuma abin da ke sauka a Agusta da Satumba kaɗai ya fi na Atina na shekara guda. Ga shi namu ruwan da ɗumi yake zuwa, ɗumi da laima kuwa su ne abin da ƙwayoyin da ke ruɓar da saiwa suka fi so. Ibn al-Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Malaga ta Andalus wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya bayyana cewa a ƙasarsu tsiron ya fi fitowa a duwatsu da wuraren da ƙasa ba ta da kauri, kuma yawansa ya kai har ana hura wutar tanda da shi. Mai lambu a Narayi ko Unguwar Romi ba shi da waɗannan duwatsu. Dole ya ƙirƙiro kwatankwacinsu da hannunsa, a cikin tukunya ko a kan ɗan tudu.

Tsinki ganye ɗaya ka juya shi. Samansa kore ne shar, mai santsi, an lulluɓe shi da wani kakin da ke hana ruwa fita. Gefensa biyu sun naɗe zuwa ƙasa, sun bar wani siririn kwari fari a tsakiya. Farin nan gashi ne ƙanana, cunkus, kuma a ƙarƙashinsu ƙofofin numfashin ganyen suke ɓoye, inda iska ba za ta zuƙe danshinsu da sauƙi ba. A nan kuma mafi yawan ƙananan jakunkunan mai suke, waɗanda ke fashewa in an murza. Cikin man akwai kafur, akwai kuma sinadarin da ke ba ganyen itacen turare ƙamshinsa. Komai na jikin ganyen an yi shi ne don tattalin ruwa. Tsiron da ba ya zubar da ruwa ta sama kuwa ba ya iya shanye wanda aka tara masa a ƙasa. Sai ruwan ya kwanta, iska ta ƙare a wurin saiwa, saiwar ta shaƙe.

Akwai wani dattijo da ke renon shuke-shuke a bayan gidansa, wajen Kakuri, wanda kowa ke kira Baba. Ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun unguwar, waɗanda tun buɗe masaƙar KTL a 1957 suka ciyar da dubban gidaje kafin injinansu su yi shiru. Yatsun da suka saba gane zaren da ke shirin tsinkewa su ne yanzu ke gane ƙasar da ta sha ruwa ya ishe ta. A wurinsa na ga yawancin abin da zan faɗa.

Daga ƙasa yake farawa, kuma a nan ya fi ɓata lokaci. Jar ƙasar Kaduna in ta jiƙe tana danƙo, in ta bushe ta yi tauri, duka biyun kuwa ba su yi wa rozmari ba. Sai ya nemo yashin kogi mai kaushi, irin wanda ake buga bulo da shi. Rairayi mai laushi na filasta ba ya shiga haɗinsa, domin shi cike ƙofofin ƙasa yake yi. Yakan auna kwanon sarki biyu na yashi, ɗaya na ƙasar sama wadda ya tankaɗe, sai rabin kwano na takin awaki da ya shekara ya ruɓe har ba ya wari. Ya zuba ɗan dakakken gawayi, ya barbaɗa tokar murhu cikin tafi ɗaya. Tokar tana da dalili: ƙasarmu tana ɗan ɗiban tsami, shi kuwa rozmari ya taso ne a kan duwatsu masu farar ƙasa, toka kaɗan takan rage tsamin. Ya juya da shebur har launin ya zama ɗaya, ya yayyafa ruwa, sannan ya damƙi cikin hannu ya matse. In ya buɗe tafin, so yake ƙasar ta tsaya na ɗan lokaci, da an taɓa ta da yatsa ta warware kamar dambu. In ta fito curi da shatin yatsu a jikinta, sai ya ƙara yashi. Ɗanyen kashin kaji, wanda masara da alayyafo ke murna da shi, ba ya kusantar wurin. Taki mai ƙarfi yana sa tsiron ya yi saurin tsawo da rassa masu laushi, ƙamshin ya ragu, cuta ta samu ƙofa.

Tukunya ma da zaɓi. Ya fi son ta ƙasa wadda ba a shafe ta da komai ba, irin wadda matan Gbagyi ke ginawa, domin jikinta na tsatsafo da ruwa, saiwa na samun iska ta gefe. Yakan huda gindinta a hankali da ƙusa, ya kifa tsingaro guda a kan ramin don kada ƙasa ta toshe shi. Ba ya shimfiɗa tsakuwa a ƙasan tukunya yadda mutane da yawa ke yi, kuma yana da gaskiya: ruwa ba ya saurin ratsawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ya taru a samanta, daidai inda saiwa take. In za a sa tsakuwa, a gauraya ta da ƙasar gaba ɗaya. Wanda bai da tukunyar ƙasa, tsohon bokitin fenti ma ya yi, muddin ramukan gindinsa sun kai biyar ko shida kuma an ɗora shi a kan bulo.

Da iri ba a cika samun rozmari ba. Ƙwayarsa na daɗewa kafin ta tsiro, mafi yawa ma ba ta fitowa. Da reshe ake yaɗa shi. Baba yakan jira ruwa ya ɗauke, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da dare ya fara sanyi kuma laima ta ja baya. Da sassafe yake yanka, kafin rana ta zuƙe ruwan jikin reshen. Yana bin uwar shukar da ido yana neman reshen bana, wanda kansa kore ne amma gindinsa ya fara komawa ruwan ƙasa. Ya lanƙwasa shi kaɗan. Wanda ya kwanta lagwai bai ƙosa ba, ruɓewa zai yi. Wanda ya ƙi lanƙwasuwa ya tsufa, zai yi nawar fitar da saiwa. Na tsakiya yake so, tsawon santimita 10 zuwa 15.

Sabuwar reza yake amfani da ita, ko wuƙar da ya wasa ya goge da ruwan zafi, saboda almakashi maras kaifi murƙushe kara yake yi. Yankan yana faɗawa daidai ƙarƙashin gaɓa, wato wurin da ganye ke fitowa daga kara, domin nan ne saiwa ta fi saurin ɓullowa. Sai ya riƙe kan reshen da hagu, ya ja yatsu biyu na dama daga tsakiya zuwa ƙasa, ganyen rabin ƙasa ya zube a tafi ɗaya ba tare da ɓawon ya saluɓe ba. Duk ganyen da aka binne ruɓewa zai yi, ya ja wa karan. Masu sayar da kayan noma na da wani gari da ake tsoma gindin reshe a ciki don gaggauta saiwa. Yana taimakawa, amma rozmari na fitar da saiwarsa ko babu shi.

Ledar fiya wata da aka yanke kanta aka huda gindinta ita ce gadon farko. A ciki kusan yashi ne zalla, da ɗan ƙonannen ɓuntun shinkafa. Baba ba ya soka reshen da ƙarfi. Da tsinke yake fara yin rami, ya zura reshen zuwa rabinsa, ya danna gefe da babban yatsa don kada iska ta rage a kusa da karan. Ya jera ledojin a inuwar darbejiya, inda haske ke ratsowa amma rana ba ta dukansu kai tsaye. A nan hunturu ke nuna halinsa: reshen ba shi da saiwar sha, ga iska busasshiya tana zuƙe shi. Sai ya yanke gindin gorar ruwa ta roba ya kifa a kan kowanne, ya bar bakin a buɗe. Gorar na riƙe danshi, buɗaɗɗen bakin kuma na hana gumi taruwa har fumfuna ta kama.

Daga nan sai haƙuri, mako huɗu zuwa takwas. Na ga yaron da ke koyon aiki a wurinsa ya kai hannu zai ciro ɗaya ya duba. Baba bai ɗaga murya ba. "Kai, ɗana, bar shi. In ka ciro ka gani, me za ka mayar?" Ya nuna masa yadda ake yi: a kama kan reshen da yatsu biyu, a ja sama kaɗan ƙwarai. In ya biyo hannu, da saura. In ya turje, saiwa ta kama. Sabon toho mai haske a kansa shi ne shaida ta biyu. Ko a hannun gwani ba duka ke kamawa ba, don haka kullum yana yanka fiye da abin da yake bukata.

Wanda ya kama, ba a fitar da shi rana farat ɗaya. A cire gora tukuna, bayan kwana biyu a ba shi hantsi, a riƙa ƙarawa har ya saba, sannan a juye shi cikin tukunya da ƙasarsa a jikinsa, ba tare da an binne wuyansa fiye da yadda yake a da ba. Daga nan rana yake so, awa shida zuwa takwas a yini. A bazara, cikin Maris da Afrilu, akwai wata dabara da ba kowa ke lura da ita ba. Ganyen na iya ɗaukar zafin, amma baƙar leda ko bokitin roba na ɗaukar rana har saiwar da ke jingine da bango ta dahu. Baba yakan naɗe tukunyar da tsohon buhun algarara, ko ya jera wasu tukwane a gabanta ta yamma. Tukunyar na cikin inuwa, shukar na cikin rana.

Ban ruwa shi ne zuciyar sana'ar. Wanda ya hango Baba da safe yana zagaya tukwanensa, buta a ajiye a gefe, zai iya ɗauka hutawa yake. Alhali kowace tukunya sai ya tsaya a kanta. Ya nutsa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In ya ji sanyin danshi, ya wuce. Ƙananan yakan ɗaga su ya ji nauyinsu, domin hannunsa ya san bambancin tukunyar da ta sha da wadda ta bushe. Wadda ta bushe yake ba ruwa, kuma ba ya yi mata rowa: a gindi yake zubawa a hankali, ba a kan ganye ba, har sai ruwan ya ɓullo ta ƙasa. Daga nan ba zai sake ba sai ta sake bushewa, ko kwana biyu ne ko mako guda. Yayyafin kullum, wanda ke jiƙa sama kawai, yana koya wa saiwa zama a sama. Shayarwa mai zurfi da tazara tana sa ta nutsa neman ruwa. Kwara ruwa kowace safiya ba tare da an duba ba ya fi sauƙi nesa, shi ya sa aka fi yinsa, kuma daga nesa shi ne ya fi kama da ƙwazo.

Akwai tarko a nan da ya cinye shuke-shuke da yawa. Rozmarin da saiwarsa ta fara ruɓewa yakan nuna alamar ƙishi: kan reshe ya sunkuya, bakin ganye ya bushe, domin saiwar da ta mutu ba ta iya kai ruwa sama. Mai shi ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara ruwa. Gwani kuwa juye tukunyar yake yi ya duba. Lafiyayyar saiwa fara ce, mai ƙwari. Wadda ta ruɓe ta yi ruwan ƙasa, fatarta na saluɓewa, tana warin kwata. In ɓarnar ba ta yi nisa ba, a yanke ruɓaɓɓen, a sauya ƙasa. In ta yi nisa, a hanzarta yankar rassan da ke da sauran rai a dasa. Ɗaya gefen ma gaskiya ne, kuma shi ne ke kama wanda ya ji an ce "jure fari" ya juya baya: rozmari a ƙaramar tukunya, cikin hunturu, in ya bushe ƙarau sau ɗaya, da wuya ya dawo. Jure farin na wanda ya shekara a ƙasa ne, saiwarsa ta yi nisa.

Sai marka. Tun Yuli Baba ke kwashe tukwanensa zuwa bakin baranda ta gabas, inda hantsi ke samunsu amma mamakon ruwa ba ya sauka a kansu, nesa da inda indararo ke zuba. Yana ba su tazara don iska ta ratsa. Waɗanda ke ƙasa kuwa tun farko a kan tudu ya dasa su, tsayin kusan ƙafa ɗaya, da tazarar santimita 60 zuwa 90, ya ja 'yar hanyar ruwa a gefe. Gindinsu da tsakuwa yake rufewa. Busasshiyar ciyawa, wadda ke taimakon tumatir da barkono, a nan laima take riƙewa a wuyan shuka, ta kuma gayyato gara. Yakan sa hannu cikin duhuwar ya cire rassan da suka cushe a tsakiya, don ganye ya riƙa bushewa da wuri bayan ruwa. In ya ga wani farin ƙwaro mai kama da auduga a hammatar reshe, sai ya wanke shi da ruwan sabulu da ɗan man darbejiya da yamma. Da hunturu kuma yakan wanke ƙurar ganyen lokaci-lokaci da safe, saboda ƙananan ƙwarin da ke saƙa a tsakanin ganye ƙura da bushewa suke so.

Aski yana da doka ɗaya da ba a karyawa: ba a yanka har cikin tsohon itace da ba shi da ganye, domin rozmari ba ya cika sake toho daga nan. Tun shukar na ƙarama ake tsinke kanta da farce, ta fitar da rassa biyu a inda aka tsinke, a sake tsinke waɗannan, har ta cika ta yi dumu-dumu. Wadda aka ƙyale takan miƙe da dogon kara tsirara, 'yan ganye a can sama. A girbi ɗaya ba a ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Girbin da hantsi ake yi, bayan raɓa ta bushe. A ɗaure rassan ƙananan dami, a rataye a ɗaki mai iska, ko a baza a faifai a rufe da siririn ƙyalle saboda ƙura. Shanya a rana tana kore man, ganyen ya koɗe ya zama hakukuwa. Da hunturu 'yan kwanaki sun isa. In ganyen ya karye ƙaras a tsakanin yatsu, a zage shi daga kara a zuba a kwalba mai murfi. Kaɗan ake sawa, domin yana da ƙarfi: a gasasshiyar kaza ko naman rago, a dankalin Jos, ko ɗan reshe guda a butar shayi tare da na'a-na'a, wadda danginsa ce, haka ma ɗoɗɗoya. Ibn al-Baiɗar ya ambaci cewa mafarautan Andalus kan cusa shi a cikin dabbar da suka feɗe don kada ta yi saurin wari, kuma a 2010 Tarayyar Turai ta amince da sinadarin da ake tatsa daga ganyen a matsayin abin hana mai da nama saurin lalacewa, da lambar E392. Mata da yawa yanzu na dafa shi su wanke gashi da ruwan. Tataccen mansa na kwalba kuwa ba na sha ba ne, mai juna biyu kuma ta tsaya iya ɗan abin da ake sawa a girki.

A ƙasarsa ta asali rozmari na iya yin shekaru goma ko fiye, ya kai tsayin mutum. A nan kowace damina jarrabawa ce, kuma shukar da ta ci uku tana iya faɗuwa a ta huɗu. Saboda haka Baba ba ya dogara da uwa ɗaya. Yakan zaɓi dogon reshe na ƙasa, ya ɗan kankare ɓawonsa ta ciki, ya kwantar da shi a ƙasa ya danne da dutse, kansa a waje. Reshen na ci gaba da sha daga uwarsa har ya yi tasa saiwar, bayan wata biyu ko uku a yanke shi a ba shi tukunyarsa. Kowane Nuwamba kuma, ko uwayen na cikin ƙoshin lafiya, yana sake cika ledoji da yashi ya yanki sababbin rassa, ya rubuta watan a jikin ledar da fenti.